Babi na Huɗu

A taron ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa, attajirin yana kaiwa babi na huɗu sai muryarsa ta fara rawa. Ya karanta yadda mahaifiyarsa ta yi ta ɗinki har idonta ya mutu, yadda take lasar bakin zare ta miƙo masa ya zura mata a allura. Mata a zauren na ta share hawaye. Kafin a tashi, kwafi dubu sun ƙare.

Marubuciyar tana kujerar baya. Littattafanta uku, a shekara goma, ko takalmi ba su saya mata ba.

Ta bi layi kamar kowa. Da ta iso gabansa bai ko ɗago kai ba.

"Ranka ya daɗe, babin nan ya taɓa ni."

"Haka kowa ke cewa, 'yata. Rubutu baiwa ce."

Ya sa hannu a littafin, ya turo mata.

Ta fito rungume da littafin. Wata shida ta yi tana rubuta shi ta hannun sakatarensa, ladanta kuɗin hayar ɗaki. Ranar da sakataren ya ce maigida ba ya tuna komai game da uwarsa, sai ta ba shi tata.