Katin Zakaran 2011

Ranar Asabar da hantsi, a wani ajin makarantar sakandare a Gwarzo, Jibirin ya cinye mutum na biyar a jere, ya tattara katunansa ko murmushi bai yi ba.

Gasar fitar da gwani ce. Wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci yammacin Kano a gasar ƙasa ta Mayaƙa, wasan katin nan da ake sayarwa biyar-biyar a leda, a yi ta musaya har mutum ya haɗa arba'in ɗin da zai yi wasa da su. Malama Sa'ada ce alƙaliya. Ita ce kuma ƙungiyar 'yan wasan ta ɗora wa rubuta littafin tarihin gasar, saboda haka ta san sunan duk wanda ya taɓa yin rajista tun shekarar farko, 2011. Kafin yau babu Jibirin a ciki.

Mai gyaran injin ban-ruwa ne daga Gude, ɗan shekara talatin, da baƙin mai a faratansa. Katunansa tsofaffi ne, bugun farko, gefensu duk ya yi laushi. Ba ya dogon tunani kafin ya ajiye kati, sai ka ce ya riga ya leƙa hannun abokin karawarsa. Sau biyu Sa'ada tana zagayawa ta bayansa, ba ta ga komai ba.

A wasan ƙarshe, da aka matsa masa, ya zaro wani kati mai gefen ruwan zinariya ya ajiye. 

Duk shekara ana buga wa zakaran ƙasa kati guda ɗaya tak, da shekarar a jikinsa, babu suna, kuma shi kaɗai doka ta yarda ya yi wasa da shi. Wannan na 2011 ne. Kowa ya san mai shi: Alhaji Ubaidullahi na Kabo, uban ƙungiya, wanda ake ajiye wa kujerar gaba a kowace gasa.

"Malam, a ina ka samo wannan?" in ji Sa'ada.

"Nawa ne, Malama."

"Alhaji ne ya ba ka?"

Jibirin ya dubi tebur.

Zayyad, wanda ake shirin cinyewa, ya miƙe tsaye. "Da bazara na gan shi yana gyara a gidan Alhaji. Ashe ba injin kaɗai ya kwance ba!"

Aka yi dariya, wasu suka fara maganar a kai shi wurin mai unguwa. Sa'ada ta ɗauki katin ta sa a jakarta. Ta shaida wa Jibirin cewa in na jabu ne ko na sata, an kore shi daga wasan har abada, kuma sunansa zai shiga littafi tare da dalili. Ta ce kowa ya jira ta zuwa la'asar. Shi dai ya ce to, ya koma ya zauna.

A mota zuwa Kabo ta bi abin da take da shi game da 2011, ba shi da yawa. Akwai rajistar da magatakarda ɗaya ya cika wa mutum tamanin, yana kwafe sunaye daga jikin gwangwanayen ajiye kati da 'yan wasa suka jera masa. Akwai hoto guda, Alhaji riƙe da kofi. Daga ranar bai sake shiga gasa ba, yana cewa a bar wa matasa. Sau biyu ta yi hira da shi don littafin. Ya ba ta labarin hanya, da zafin zauren, da shinkafar da aka raba. Da ta tambaye shi wasan ƙarshe, ya ce Allah ne ya ba da sa'a.

Ta same shi a shagonsa na taki da iri. Suka gaisa, ya tambayi gida da 'yan makaranta da gajiyar hanya. Sannan ta ɗora katin a kan wani buhu. Bai taɓa shi ba.

"Alhaji, na gaske ne?"

"Na gaske ne."

"Ya ɓace muku ne?"

"Malama, a bar maganar nan. Ki mayar masa."

Ta lura bai tambayi a hannun wa aka samu ba. Ta lura kuma ya sallami mai sayen iri ba tare da ya auna masa ba. Mutumin da aka yi wa sata ba haka yake yi ba, sai in yana tsoron ɓarawon.

"Ko akwai abin da yake riƙe da shi a kanku?"

"Subhanallahi. Jibirin? A gabana ya tashi."

"To ba a barin maganar, Alhaji. In ya sata, an kore shi. In kyauta kuka ba shi, duk da haka ya yi wasa da katin da ba nasa ba, an kore shi. Faɗa mini kawai wanne zan rubuta."

Ta buɗe littafinta. Alhaji ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ba ko ɗaya," in ji shi. "Ni na sayi katunan, sunana ne a jikin gwangwanin, ni na ɗauke shi a motata yana yaro muka je Kano, shi ya ci gasar ya miƙo mini kofin don ni ne babba. Har yau ban san yadda ake wasan nan ba."