Filasta Tara da Suka Ɓace

Filasta tara suka ɓace daga firjin Dokta Kanokwan, kuma duk tsangayar babu wanda ya kai Farfesa Thawin murna.

Shekara shida baiwar Allah ta yi tana haɗa abin nan: siliki mai laushi da ke sakin magani a hankali cikin raunin fuska, ya warke ba tabo. Aibinta ɗaya, kurkum ɗin da ke ciki yakan rina fata rawaya har sati uku. Thawin, shugaban kwamitin da zai ba ta izinin gwaji a kan mutane, tuntuni ya yanke hukunci: wannan ba magani ba ne, kayan miya ne.

"Wadda ta kasa tsaron firji za a danƙa wa fuskokin mutane?" in ji shi ta bayan takunkumi. "Ran Litinin zan rufe aikin nan, Dokta. Kasuwa na neman masu sayar da kurkum."

Takunkumi dai kowa na sanye da shi, hayaƙin ƙona gonaki ya rufe birnin Chiang Mai. Amma Thawin, mutumin da ke gyara gashin baki a gilashin kowace taga, yanzu ko shayi sai ya kulle ofis yake sha. Kwanan baya ma ya yanka zakaran faɗansa, wanda yake runguma kamar ɗan cikinsa, ya kawo farfesu aka shanye.

Kafin Litinin sabuwar shekara ta zo. Bisa al'ada ƙanana suka jeru, kowa ya tsiyaya wa babba ruwan furanni a hannu ya nemi gafara. Thawin ya hakimce a kujera ya miƙa tafuka.

Kanokwan ta durƙusa da kwanonta.

"Riƙe da kyau," ya ce, "kar shi ma ya ɓace a hannunki."

"A yafe mini, Farfesa," ta ce, "har da wanda zan yi yanzu."

Ta juye masa kwanon a ka. Takunkumin takarda ya jiƙe sharkaf, ya zame, ya faɗo kan cinyarsa.

Daga kunci zuwa haɓa, inda ƙaimin zakara ya tsaga, rauni ya haɗe sumul ba tabo, fatar kuwa rawaya kamar an tsoma ta a miya.