Kalangu a Cikin Jita

Tsohon mahaucin yana cikin yankan nama mai sayar da kaset ya ƙure muryar rediyo. Jitar lantarki ta yi ruri, gangunan Turawa suna dukan ƙirji.

"Baba, sabon kaset ɗin ɗanka ne fa! Daga unguwar Dapoya har ta Pissy shi ake ji," in ji mai kaset.

"Ni ban haifi makaɗi ba," in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba.

Sai jitar ta lafa, kalangu ya shigo. Wuƙa ta tsaya a hannunsa. Taken mahautan Zango ne, wanda ba a ƙara ji ba tun da makaɗinsu ya rasu.

Mahauci ba ya jin takensa yana zaune. Rumfa bayan rumfa, tsofaffi suka mimmiƙe, wuƙaƙe sama. Mawaƙin ya kira kakan tsohon, ya kira ubansa, ya kira shi. A inda sunan magaji ke zuwa, sai ya yi shiru, ya bar kalangu yana jira.

Tsohon ya buɗe baki, da ƙarfi ya kira sunan ɗansa.