Duron Hanyar Maigatari

Gumi ya jiƙa hijabin Sabuwa tun kafin a kira shari'ar mijinta. Kotun ta Gumel cike take, taga ɗaya, fanka ba ta motsi, ita kuma an matse ta a tsakiyar benci, ba gaba ba baya.

Laifin Malam Ilu ba ɓoyayye ba ne. Ranar kasuwar Maigatari, da rana tsaka, ya ɗauko gero daga Gagarawa a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya iso shingen masu kula da hanya, ya bi ta kan duronsu kamar ba a ajiye shi ba. Sabuwa tana gefensa. Dama kullum tana gefensa da ƙwaryar daddawarta a cinya, har 'yan tasha suna tsokanarta wai ta hana tsoho sakat.

Magana ɗaya ce a gaban alƙali: a raba Ilu da tuƙi, ko a mayar masa da makullinsa.

Ilu ya tsaya da ladabi yana fuskantar akawun kotu, sai da ɗan sanda ya juya shi wajen alƙali. Aka yi 'yar dariya.

Alƙali ya shiga awo, kamar mai auna hatsi. An taɓa kama shi? Ba a taɓa ba. Ya sha wani abu? Ilu ko goro ya daina. Gudu yake yi?

Jami'in da ke shingen ranar ya ce, "Gaskiya, ranka ya daɗe, amalanke ma yakan wuce shi."

Wani ya ji ciwo? Duro kaɗai.

Kowace amsa sai ta sauka a ƙirjin Sabuwa kamar taɓarya.

"Baba, kina cikin motar," in ji alƙali. "Kina da abin faɗa?"

Ta miƙe. Ilu ya yi gyaran murya. To, wadda miji ya sa ta dafa Alƙur'ani kan rufa asirinsa, bakinta ba nata ba ne.

"Babu, ranka ya daɗe."

Alƙali ya yi rubutu. Ya ce laifin farko ne, tsufa kuma ba laifi ba ne. 'Yar tara da gargaɗi, a ba shi makullinsa.

Sabuwa ta fashe da kuka. Mata suka riƙe ta: "Barka, Iya! Allah ya rufa asiri."

A waje an tashi 'yan Islamiyya, sun cika titi. Ilu ya shafa jikin motar har ya samu ƙofa, ya shiga ya tayar.

Sabuwa ta zauna a wurinta. Da gangan ta yi shiru ranar kasuwar, ba ta ce masa ga shinge ba, ko a samu mai iko ya raba shi da titi. Duro ta zaɓa don duro ba shi da uwa.

Ta matsa kusa da kunnensa, kamar yadda take yi tun da yanar ido ta rufe masa gani: "Tsaya tukun, Malam. Yara ne a gabanka."