Mesar da Ta Ƙi Cin Abinci

Zulkifilu ba ya gidanmu na Barunde yanzu. Yayana ne. Tifa ce ta buge shi a kan babur a hanyar Dukku wata Asabar da hantsi, kuma a lokacin babu wanda ya san abin da ya kai shi can. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ni kuma ina gidan mijina a Tudun Wada. Mahaifinmu, Malam Bappayo, ya ce gida ya rage daga shi sai mesa.

Ƙaramar mesa ce, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta ji tsoro. Zulkifilu ya haɗa mata akwatin katako mai fuskar gilashi, ya zuba garin katako a ƙasa, ya sa kaskon ruwa, ya kife tukunyar ƙasa da ya fasa wa 'yar ƙofa don ta samu wurin ɓuya.

Baba bai taɓa sonta ba. Ana gobe haɗarin ma a kanta suka yi da Zulkifilu. "Ka rasa abin kiwo a duniya sai maciji? To ko ni ko ita a gidan nan!" Zulkifilu ya sunkuyar da kai. Maganar ƙarshe ke nan a tsakaninsu.

Da 'yan zaman makoki suka watse, Baba ya buɗe ɗakin Zulkifilu. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a tuƙin babbar mota, bai san tsoron hanya ba, amma ko igiya ya gani a ƙasa sai ya yi tsalle. Ya tsaya daga nesa, ya gyara tabarau. Ta 'yar ƙofar tukunya ya hango gefen zanen jikinta a cikin duhu, ta naɗe, ko motsi babu. Nan ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah: abin da yaron nan ya bari ba zai mutu a hannunsa ba.

Ya sayo ɗan tsako, ya buɗe murfi kaɗan, ya jefa, ya rufe da sauri. Tsakon ya yini yana yawo, har ya hau kan tukunya ya yi barcinsa. Baba ya fitar da shi. Wani mako ya kawo wani. Ya gwada ɓera, ya gwada ƙwai. Mesa ko leƙowa ba ta yi ba.

Aka ce masa sanyin damina ne, ba sa cin abinci in jikinsu bai ɗumama ba. Ya rataya ƙwan lantarki a gefe guda na akwatin. In an ɗauke wuta sai ya cika kwalba da ruwan zafi, ya naɗe da tsumma, ya jingina. Aka ce hayaniya ce, ya daina kunna rediyo. Yakan canza ruwa da ludayi mai dogon hannu, yana yaba tsaftarta, wai bai taɓa kwashe mata ƙazanta ba. Tukunyar kam bai iya taɓawa.

'Yan tsakin da ta ƙi suka girma suka cika tsakar gida. Maƙwabciyarsa Delu takan leƙo ta katanga ta ce, "Malam, gidan gona ka buɗe ba mu da labari?" Sai ya yi murmushi kawai. Abincin da nake aika masa rabi yake ci, ya zuba wa kajin rabi. Bayan la'asar ya ja kujera gaban akwatin ya zauna.

Wata rana na same shi a haka, bai ji sallamata ba. "Na san kin ji abin da na faɗa masa," yake cewa a hankali. "Baki ne kawai. Ki ci ko kaɗan ne, don Allah."

Da azumi ya matso Baba ya rame, ya fara cewa yana jin ta kusa mutuwa. Sai na nemo lambar Kenneth, abokin Zulkifilu wanda ya koya masa kiwon, yana aiki a Jos tun kafin rasuwar. Da na ce mesa ta ƙi cin abinci, sai ya ce zai zo.

Ya zo. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa ta'aziyya. Ya dubi ƙwan lantarkin, ya dubi kwalbar, ya dubi kajin. Ya ce mu ɗan ja baya, ba ta son idon mutane. Ya ba mu baya, ya ɗaga tukunyar kaɗan, ya mayar a hankali.

"Yaya ka gan ta, ɗana?"

"Baba, ko Zulki bai yi mata wannan gata ba. Ka kwantar da hankalinka. Ba za ta mutu a hannunka ba."

Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas.

Ni na raka Kenneth ƙofar gida, a can ya share hawaye ya yi mini magana. Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni cewa amin: Allah ya jiƙan Zulkifilu, kuma kada Allah ya ba Baba ƙarfin halin ɗaga tukunyar nan. Babu komai a ƙarƙashinta sai busasshiyar saɓa, domin da safiyar Asabar ɗin nan yayana ya kira Kenneth ya tambaye shi dajin da ya fi dacewa ya sake ta, ya ce Baba ya yi magana, shi kuma ya ji.