Ƙauyen da Ba Kowa

Ustaz Yunusu ya shimfiɗa hoton zanen a teburin mai shayi, kamar kullum. Ba wanda ya kalla.

Shekara ashirin ya yi a Hartum yana koyar da tarihin mai zanen, wani matafiyi da ya ratsa yankin Gadarif shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Filaye da duwatsu ya zana, bai taɓa sa mutum ba. Wannan ne na ƙarshensa: bukkoki jere a fili, ba hayaƙi, ba kowa.

Da yaƙi ya koro Yunusu daga Hartum, hoton ya ɗauko, sai makullin gida. Matarsa ta rasu a hanya.

"Ƙauye ne da aka gudu aka bari, Hajja," ya ce wa Ummusalama mai shayi. "Irin namu. Ba wanda ya koma."

Ta goge hannu, ta sunkuya, sai ta tuntsire da dariya.

"Ya Ustaz, ka taɓa ganin bukka ba ƙofa? Riɗi ne! Shekara talatin ina yankansa a gonakin Simsim. Haka ake jingina dammunan a tsaye su bushe."

"To ina mutanen?"

"Wanda ya tsayar da riɗi ai bai tafi ba. Kwana goma zai dawo ya kakkaɓe."

Yunusu ya laluba aljihu. Makullin da ya yi niyyar jefarwa yau yana nan.