Karfasar Inna Saliha

Yashin ma da tifa aka kawo shi. Aka shimfiɗa shi a gefen dam, aka kafa bishiyoyin kwakwa da rumfunan ciyawa, aka zagaye da waya, sannan mai wurin ya raɗa masa suna Bakin Teku. Mutanen ƙauyukan Bunkure ba su taɓa ganin teku ba, saboda haka babu wanda ya yi musu.

Inna Saliha ta fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin yashin nan, don murhunta ne aka binne. Tun tana da ƙarfin ɗauko itace da kanta take suyar karfasa a wurin, ita da masu tsire da masu shayi da matan Fulani masu fura da nono, duk suna samun na tuwo daga 'yan Kano da ke zuwa shan iska ranar Lahadi. Da aka zo da maganar gina otal a wurin, cewa aka yi baƙi za su ninka, kowa zai samu. Baƙin sun zo na ɗan lokaci, amma a ciki suke ci, a ciki suke sha, su fito da gilashin mota a rufe. Daga baya su ma suka ɗauke ƙafa.

Ta yi zaryar ofishin manaja har takalminta ya siɗe. Ran da ta ishe shi, sai ya ce, "Mama, ni ban hana ki ba. Duk ranar da baƙo ya buɗe baki ya ce kifinki yake so, na ba ki rumfa a ciki." Ta riƙe maganar nan gam, don ba ta da wata. Masunta kuwa sun gaya mata kwandon yau ne na ƙarshe: in bai shiga ba, dillalin Kura za su riƙa kai wa, ita ta nemi wata sana'ar. Wace sana'a kuma, a shekarun nan nata?

Da hantsi ta jiyo kiɗa yana tashi daga cikin waya. Ta soya kifinta, ta barbaɗa yaji, ta rufe tire, ta fito. Gari tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba kowa a majalisar bakin masallaci, wata gonar shinkafa ma ruwa ya cika ta har yana malala kan hanya, mai ita bai zo ya toshe ba. Ta ja tsaki, ta tattare zani ta wuce. Mutanen yanzu sai addu'a.

A bakin ƙofa motoci biyu kacal ta gani, mai gadi kuma ba ya nan. Ta shige abinta.

Wuri ya cika maƙil. Kowace kujera da mai ita: manyan riguna, shaddoji, huluna ƙube, baƙin tabarau. Wani mai kyamara yana ta zagaye. Can bakin ruwa manaja yana yi wa wasu mutum biyu masu kwat bayani, yana nuna musu jama'a da hannu bibbiyu, yana wata dariya da ba ta taɓa sanin yana da ita ba. Ranta ya yi sanyi. Cikin wannan taro dai ba za a rasa mai son karfasa ba.

Ta fara daga na farko. "Ranka ya daɗe, ga kifi da zafinsa." Ya kau da kai. Na biyu ya janyo hula ya rufe fuska. Na uku tun kafin ta iso ya ɗaga jarida. Hajiyoyin da ke ƙarƙashin laima suka ja mayafi suka ba ta baya gaba ɗaya. An ajiye wa kowa farantin kaza da kwakwa mai tsinken zuƙa, babu wanda ya taɓa, sun zauna a sandare kamar masu jiran alƙali. Ta lura da dugadugan wani duk faso, ta ce a ranta ashe kuɗi ma ba sa maganin kaushi.

Ta saba da wulaƙanci, amma na yau ya yi mata ciwo. Ko "Allah ya kawo kasuwa" babu wanda ya ce mata. Wuyanta ya ƙage, ƙafafunta suna nutsewa cikin yashi mai zafi, kifi yana ta hucewa. Manaja ya hango ta, dariyarsa ta ɗauke, ya nufo ta da sauri, masu kwat suna biye da shi.

Saura mutum ɗaya, a rumfar ƙarshe. Ya ba ta baya, babbar rigarsa tana jan ƙasa, kuma shi kaɗai ne ya tasa abin da aka ajiye masa a gaba, yana cin kaza hannu baka hannu ƙwarya. Mai ci haka, in ji zuciyarta, ya san daɗin abinci. Ta sauke tiren da ƙyar ta buɗe.

"Alhaji, don girman Allah, ko ba za ka saya ba, ka ce kana so. Faɗa kawai za ka yi."

Cinyar kazar ta tsaya tsakanin faranti da baki. A hankali ya mayar da ita. Ya zare takalmansa, ya sauko daga kujera, ya durƙusa a kan yashi kansa a sunkuye, a gaban manaja da masu kwat da mai kyamara. Bai ma san ya yi ba. A garin nan namiji ba ya ci a gaban surukarsa, ba ya kuma hakimcewa a kujera tana tsaye.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Maharazu, mijin 'yarta Aziza, wanda shi ma wayar nan ta cinye tukubar tsirensa. "Babu baƙo ko ɗaya a nan. Mu ne duka, mutanen gari, riguna aka raba mana mu cika kujeru saboda masu kwat ɗin nan da suka zo sayen wurin."